Jikan Audu Kandirga

Akwai wata Talata da har yau ba ta fita daga raina ba, ranar da Malam Sa'idu Kandirga ya yi sallama a ƙofar ofishinmu da wani tsohon gwangwanin alewa a hammata. Ku da aka turo teburin nan kwanan nan ba ku san labarin ba. Tunda sati mai zuwa za ku fara fita ƙauyuka tantancewa, gara in rubuta muku shi a gurup ɗin nan. A waya nake bugawa, in ya yi tsawo ku yi haƙuri.

Lokacin ina shekarata ta biyu a aiki, mataki na takwas, ni kaɗai a teburin takardar shaidar asali a Gwaram. Ni haihuwar Kano ne, tashin Kano. Babana ne ɗan Kiyako, da sunansa na samu aikin, amma sau biyu na taɓa taka garin, duka biyun gaisuwar mutuwa. Ɗaki ɗaya na kama a bayan tasha. Litinin in zo, Juma'a in gudu. Da an tashi ƙarfe huɗu kowa ya kama hanyar gidansa, ni kuma in koma ɗaki, ni da waya, har a kira magariba. Ba wanda ya yi min komai a garin, kawai dai ba ni da kowa ne.

Ga wanda bai riƙe tsarin ba tukuna, ga yadda yake. Mutum zai karɓi fom ya manna hoto. Mai unguwa ya rubuta cewa ya san shi, ya san ubansa, ya san gidan da suka fito. Dagaci ya sa hannu ya buga hatimi. Daga nan ofishin hakimi, sannan ya dawo wurinmu a buga takarda. In babu mai unguwar da ya san mutum, shi ne ake tura ɗayanmu ya je garin da kansa. Wannan shi ne tantancewa.

To, Malam Sa'idu ya shigo wajen sha ɗaya. Dattijo ne siriri, ya haura hamsin, da tabarau mai kauri.

"Samari, nan ne ake ba da takardar 'yan gari?"

"Nan ne, Baba. Bismillah, ga kujera."

Gyaran agogo yake yi a Kano. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya ce, Rabi'atu. An ba ta gurbi a makarantar koyon jinya, amma an ce sai ta kai takardar asali kafin Litinin mai zuwa, in ba haka ba a ba wani. Ya je neman takardar a Kano, mai unguwarsu ya ce shi a matsayin ɗan haya ya san shi, ya san ubansa ma a ɗan haya. Aka dubi sunansa aka ce ai Kandirga tun da aka yanke Jigawa ta bar Kano, ya je can.

Na ce, "Wa ka sani a Kandirga?"

"Ba kowa."

"Ka taɓa zuwa?"

"Ko hanyar ban sani ba. Jiya ma a Birnin Kudu na sauka, wani direba ya ce min gaba ce, bayan Dingaya."

Sai ya buɗe gwangwanin. Takarda ɗaya ce a ciki, cikin leda, ta yi ja saboda tsufa, an manne tsakiyarta da salatef. Takardar gama elementare ce ta kakansa, daga Birnin Kudu, zamanin Turawa. Suna: Audu Kandirga. Wurin uba an rubuta da tawada: dagacin Kandirga. Daga nan kakan ya wuce Kano karatu, ya shiga aikin reluwe, yau wannan tasha gobe waccan, har ya mutu bai gina gida ko'ina ba.

Ya nuna layin da ɗan yatsa yana murmushi. "Ka gani? Jinin sarauta ne mu, ni da kake gani ina hure ƙura daga cikin agogon mutane."

Na kai wa shugaban sashenmu, Alhaji Bala, mataki na goma sha uku, saura kaɗan ya yi ritaya. Ya ɗaga takardar ya kalli haske da ita, ya ajiye.

"Takardar Bature ba ta sa hannu a fom, Nura. Mai rai muke so."

"Yallaɓai, ai sunan ma ya nuna. Kandirga fa."

Ya yi dariya. "Ɗan birni. Ka san yadda aka samu sunayen nan? Malamin makaranta zai tara Audu biyar a aji. In ya tambayi yaro sunan ubansa, yaro ya sunkuyar da kai, kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Sai malam ya laƙa wa kowa garin da aka kawo shi daga can. Audu wancan, Audu wancan. Shi ke nan ya bi mutum har jikoki. Gobe ɗauki babur ka kai shi. Ka gaisa, ka iya bakinka, ka bar manya su yi tambaya."

Na ce to. Wallahi na ji maganar, amma ban saurare ta ba.

Malam Sa'idu ya ce a masallacin tasha zai kwana, na ce ina, ga ɗakina. Da la'asar ya fita, sai ga shi ya dawo da leda cike: goro, dabino, sabulu. Ya ciro wani sabon kaftani fari daga jaka ya rataye a ƙusa. Akwai wani agogon bango da wanda ya bar ɗakin ya bari, tun zuwana bai taɓa motsi ba. Bai tambaye ni ba ya sauke shi, ya buɗe bayan, kafin magariba yana tafiya. Ina ji ya kira 'yarsa.

"Rabi, gobe in Allah ya kai mu zan ga danginmu. E mana, gidan sarauta guda. Ki fara koyon tafiyar 'ya'yan sarakuna."

Ina jin dariyarta ta cikin wayar.

Laraba da safe muka hau babur. Tsakiyar damina ce, gero ya kai kafaɗa. Har Dingaya hanya da sauƙi, daga nan sai taɓo. Sau biyu muna sauka mu tura. Shi damuwarsa ɗaya, kada kaftanin ya ɓaci, ya tattare shi har gwiwa yana riƙe da ledar a sama. Kafin azahar muka isa.

Kandirga ƙaramin gari ne, masallaci ɗaya, rijiya biyu. Muka tarar da dagaci a zaure, Alhaji Ya'u, mutum mai sanyin magana. Ga ƙanensa Sale a gefe, ga liman, ga mai unguwa, ga wasu dattawa uku. Muka cire takalma, muka durƙusa, aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi ruwa, aka kawo mana fura. Komai lafiya. Saura in yi shiru dagaci ya ce, "Me ke tafe da ku?" in ce ina son ganinsa a keɓe.

Ban yi haka ba. Ni a raina abin farin ciki na kawo. Na zaro takardar daga fayil na ɗaga ta, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Ranka ya daɗe, albishirinka. Ɗan'uwanku na kawo muku daga Kano. Jikan Audu ne, ɗan dagacin garin nan na zamanin Turawa. Ga shi a rubuce, da hatimi."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Mai unguwa ya kalli ƙofa.

Abin da ban sani ba, a lokacin gidan suna tsakiyar rabon gandu, wato babbar gonar da suka gada tun daga kakansu, kuma rabon ya ƙi ƙarewa. A ƙauye duk wanda aka ce jinin tsohon dagaci ne ta wajen namiji, yana da kaso a gona, kuma 'ya'yansa na iya neman rawani wata rana. Ni kuma ga ni, ma'aikacin gwamnati, da babur mai lamba da fayil a hannu, na sauke musu sabon magaji a tsakiyar zaure, a gaban shaidu.

Sale ne ya fara magana. "Wa ya turo ku?"

"Ofis ne, Malam. Tantancewa ce kawai."

"Ofis. Wa ya je ofis ɗin ya ce a zo? Faɗi sunansa, mun san su."

"Wallahi ba kowa."

"Kakanmu ɗa namiji ɗaya ya bari a duniya, shi ne babanmu Mamman. Liman, ƙarya na yi?"

Liman ya ce, "Haka muka taso muka ji."

Malam Sa'idu ya matsa gaba da gwiwa, ya tura ledar gaban dagaci. "Ranka ya daɗe, ni ba abin da nake nema sai sa hannu. Yarinya ce za ta makaranta. Ga ɗan goro."

Ba wanda ya karɓi ledar. Sale ya sa bayan hannu ya turo masa ita.

Dagaci ya ce, a hankali, "Malam, ba mu san ka ba. Ni kuma ba na sa hannu a kan abin da ban sani ba. Allah ya kai ku gida lafiya."

Aka kira azahar, muka bi jam'i. Da aka sallame kowa ya zame, ko musabaha babu. Muka koma gindin wata darbejiya inda na kafe babur. Na yi ta ɗaga waya sama ina neman sabis in kira Alhaji Bala, babu. Malam Sa'idu ya zauna a kan saiwa, ledar a cinyarsa, yana kallon gidajen ɗaya bayan ɗaya kamar mai jiran wata ƙofa ta buɗe.

Na ce, "Baba, ni na ɓata abin nan."

"A'a, samari. Kai abin da ke rubuce ka karanta."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ina shirin tayar da babur sai wata mata ta leƙo daga gidan dagaci ta ce, "Wai baƙon nan ya zo, in ji Inna Abu. Har da na gwamnatin."

Inna Abu ita ce babbar yayar dagaci. Ta kai tamanin, idonta ya kusa tafiya. An shimfiɗa mata tabarma a soron ciki, ta miƙe ƙafa. Ashe duk abin da na faɗa a zaure ya riga mu shiga gida.

"Wane ne mai bakin nan kamar lasifika?"

"Ni ne, Inna."

"Allah ya shirye ka. Zauna can. Kai kuma baƙo, matso in ji muryarka. Audu me ka ce yake a wurinka?"

"Kakana ne, Inna."

"Dogo ne? Da wushirya?"

Malam Sa'idu ya ɗago da sauri. "Da wushirya, Inna. Kin san shi?"

"Sau ɗaya na gan shi. Uwarsa na sani." Ta gyara mayafi. "Kai jikan ɗan Baƙuwa ne. Zan gaya maka, in ka ga dama ka tsine mana, in ka ga dama ka yafe. Ni dai na gaji da riƙon ta."

Ga abin da ta ce, yadda na iya riƙewa. Wata shekarar yunwa, tun ba a haife ta ba, wata mata ta shigo garin da yaro a goye, ba miji, ba kaya. Kakansu, dagacin lokacin, ya ba ta bukka a bayan rumbuna. Tana daka, tana ɗebo ruwa, ana ba ta tuwo. Yaron, wato Audu, ya tashi tare da Mamman, ɗan dagaci, sa'anni ne. Sai saƙo ya zo daga hakimi cewa kowane dagaci ya ba da ɗansa a kai boko. A lokacin, in ji ta, kai yaro boko da kai shi kabari ɗaya mutane suka ɗauke su. Gida ya kaure da kuka. Sai dagaci ya tura Mamman rugar Fulani, ya sa aka yi wa Audu aski, aka sa masa rigar Mamman da hularsa, ya kama hannunsa ya miƙa wa dogari ya ce ga ɗana. Aka ja wa yaron kunne, duk wanda ya tambaye shi, har abada, shi ɗan dagaci ne, in ya faɗi wani abu daban za a ɗaure uwarsa.

Malam Sa'idu ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Inna, mene ne sunanta?"

"Baƙuwa muke ce mata."

"Sunanta na yanka."

"Ban taɓa jin wani ya kira ta da shi ba."

"Daga ina ta zo?"

"Gabas."

"Gabas ina?"

"Gabas dai, ɗana. Wa ya tambaye ta?"

Ya mayar da tabaraunsa. Can ya ce, "Shi kuma bai taɓa dawowa ba?"

"Ya dawo. Ranar na gan shi. Ina 'yar ƙarama, ban fi shekara shida ba. Ya zo a kan keke, da wandon kaki, mu yara muka bi shi da gudu har ƙofar gidan nan. Lokacin kakanmu na kwance ciwon ajali. Mutane suka fara raɗa, wai Bature ya fi son mai iya rubutu, kuma a littafinsa wannan ne ɗan dagaci, rawani zai tsallake babanmu. Ita kuma Baƙuwa ranar tana gonar nesa, ana cirar gyaɗa. Sai aka ce masa ai uwarka ta koma ƙasarsu tun bara, ba ta bar saƙo ba. Ya sha ruwa a tsaye. Ya ajiye turmin zane da ya kawo mata, ya hau kekensa."

"Ita ta sani?"

"An hana mu faɗa. Ni na gaya mata bayan kwana biyu, yarinta. Na sha duka ranar. Zanen ma kakarmu ce ta ɗaura. Daga nan duk ranar kasuwa sai ta je bakin hanya ta zauna, duk wanda ya fito daga yamma ta tambaye shi ko ya ga wani mai keke. Har na yi aure tana yi. Babanmu da zai rasu ya kira ni ya ce abin nan na tsaye masa a wuya. To ga shi na sauke."

Ban san inda zan sa idona ba. Malam Sa'idu bai yi kuka ba. Ya ce, "Mu a gida kakana bai taɓa ambaton uwa ba. Dagaci kawai yake faɗa. In an matsa masa sai ya tashi ya fita." Ya tambayi kabarinta, Inna ta ce tsohuwar maƙabarta ce, ruwa ya shafe komai tuntuni. Ya tambayi inda bukkar take. Matar da ta kira mu ta raka shi bayan rumbuna. Turken awaki ne yanzu. Daga inda nake ina hango shi, ya daɗe a tsaye a wurin, ya ɗaga hannu yana addu'a, awakin na jan gefen rigarsa.

Kafin ya dawo Inna ta ce a kira mata dagaci. Ba ta ce dagaci ba, cewa ta yi, "Ku kira min Ya'u." Ya shigo, Sale na bayansa.

"Yaya, wannan maganar maza ce."

"Ni na goya ka, har ka yi min fitsari a baya, yau za ka gaya min maganar maza? Zauna. Kakanmu ya tsaya gaban dogari ya ce yaron nan ɗansa ne. Da bakinsa ya faɗa, ba wanda ya sa shi. Babanmu ya kwana a gidan ubansa, ya yi rawani, ya haife ku, saboda an ɗauki ɗan wata a madadinsa. Yau jikansa ya zo neman tawada kawai, ka ce ba ka san shi ba?"

Sale ya ce, "Yaya, gonar fa?"

"Kai kullum gona. Da za a binne ka da ita ka huta."

Na sa baki, wannan karon a hankali. Na ce takardar asali ba ta ba mutum gado, ba ta ba shi sarauta, shaida ce kawai cewa daga nan tushensa yake. Sale ya ce shi bai yarda da maganar baki ba, musamman bakina. A rubuta. Malam Sa'idu da ya dawo ya ji, ya karɓi birona, ya yagi takarda daga fayil, ya rubuta da hannunsa cewa shi da zuriyarsa ba sa neman gona ko rawani a Kandirga. Aka kira liman da mai unguwa suka shaida.

Yana miƙa takardar ya ce wa Sale, "Malam, ko ka ba ni gonar ban san ta inda ake kama fartanya ba."

Ba wanda ya yi dariya sai Inna.

Sai muka zo cike fom. Kun san layi na shida, gidan da mutum ya fito. Na ɗora biro na kalli mai unguwa, mai unguwa ya kalli dagaci. Dagaci ya ce, "Rubuta gidan dagaci."

Malam Sa'idu ya dafa hannuna. "Dakata, samari. In na ce a rubuta gidan Baƙuwa, zai wuce a ofishinku?"

Na so in ce masa e. Amma ofishin hakimi suna da jerin gidajen kowane gari, da shi suke gwada fom. Sunan da babu a jerin, sai a dawo da fom, a sake bincike, sati biyu ko uku. Na gaya masa haka. Na ce, "Baba, kuma Litinin ce ranar ƙarshe."

Ya daɗe yana kallon layin. Sannan ya janye hannunsa.

"Rubuta yadda suka ce."

Na rubuta. Mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya hura hatiminsa ya buga. Da za mu tafi Malam Sa'idu ya ajiye ledar a gaban Inna. Ta laluba ta ɗauki goro ɗaya ta ɓare, ta ba shi rabi. Ta ce, "In yarinyar ta zama likita ta zo ta duba min idon nan." Ya ce in sha Allahu. Dagaci ya rako mu har gindin darbejiya, ya ce a gaida gida. Bai ce a dawo ba.

Muka kama hanya. Da muka zo wurin taɓon, Malam Sa'idu bai tattare rigar ba, haka ya shiga.

Alhamis na kai fom ofishin hakimi, ba matsala. Na shiga wurin Alhaji Bala na ba shi labari duka, har da abin da na yi a zaure. Na ce abin da ke damuna shi ne layi na shida, ko ƙarya na rubuta.

Ya ce, "Bukkar a ina take?"

"A cikin gidan dagaci, bayan rumbuna."

"To daga gidan ya fito. Fom bai tambayi jini ba." Ya sa hannu. Sannan ya ce, "Ni kuma na ce ka iya bakinka ko ban ce ba?"

"Ka ce, Yallaɓai."

"Je ka."

Juma'a da safe takarda ta fito da sunan Rabi'atu Sa'idu Kandirga. Bayan masallaci muka shiga mota ɗaya, ni ma ranar tafiyata ce. Muna kusa da Birnin Kudu sabis ya kawo, wayarsa ta yi ƙara. Irin wayar nan ce mai ƙarar magana, duk motar na ji.

"Baba, an samu?"

"An samu, Rabi. Tana hannuna."

Ta yi ihu, ta yi hamdala. Sannan ta ce, "Ka ga dangin namu? Suna da yawa? Sun yi murna?"

Ya kalli taga. "Na ga wata tsohuwa. In na zo ma yi magana."

A Birnin Kudu ake sauya mota. Na samo mana wuri biyu a ta Kano, sai ya ce in tafi, shi zai biyo ta yamma. Yana so ya nemi inda tsohuwar elementaren take, ko da ginin ya rushe, ya ga ƙofar da aka shigar da yaron. Na ce in raka shi, ya ce a'a, na yi mai wuyar. Motarmu na fita na hango shi a bakin titi yana tambayar wani mai rake hanya, mai raken na girgiza kai.

Bayan wata biyu saƙonsa ya shigo wayata: ta fara karatu, na gode. Na kira sau biyu bai ɗauka ba. Ban sake jin sa ba.

Abin da nake so ku ɗauka a nan kaɗan ne. Sunan gari a tsohuwar takarda yana nuna inda aka ɗauki yaro ne, ba lalle inda aka haifi ubansa ba. Kada ku taɓa karanta takardar mutum a zaure. Ku gaisa, ku sha abin da aka ba ku, ku nemi dagaci a gefe, ku fara da gaya masa abin da takardarmu ba ta bayarwa kafin abin da take bayarwa. In maza suka ce ba su sani ba, kada ku tayar da babur da wuri, ku tambaya ko akwai tsohuwa a gidan. Kuma wanda ya zo teburinku daga nesa da sabuwar riga da goro a leda, ku sani ba takarda kaɗai ya zo nema ba. Sauran abin ba mu da shi a ofis, amma kada ku zama ku ne kuka ɓata masa.

Kwafin fom ɗinsa na nan a kabad na biyu, fayil ɗin Dingaya, da rubutuna. Ku buɗe ku duba in kun samu lokaci. Sa hannu uku, hatimi biyu, ba gyara, ba gogewa. Da shi Alhaji Bala yake nuna wa sababbi yadda ake cike fom daidai har ya yi ritaya. Baƙuwa ba ta ciki ko a layi ɗaya.